Sharhi: Tabar wiwi da ƙwaƙwalwar da ta ƙi zama wuri ɗaya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Yau maganar wasu mutane nake so mu yi, waɗanda kullum ake kiransu da malalata ko masu rawar kai, alhali larura ce ke damunsu. Likitoci suna kiranta ADHD, wato rashin iya tattara hankali wuri guda, da rashin natsuwa, da yin abu kafin a yi tunani. Mutane sun ɗauka ta yara ce kawai, to a'a, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita.

Ka ɗauki mutum ɗan shekara 30, ƙarfe biyun dare ya yi yana kwance ido biyu, kansa kamar rediyon da aka kunna tasha biyar lokaci guda. Da rana ya fara cike takardar neman aiki ya bar ta a rabi, ya nemi makullinsa sau uku, ya katse mutane suna magana har aka ji haushinsa, shi ma yana jin haushin kansa. Sai wani ya miƙo masa naɗi ɗaya na wiwi, ya zuƙa, hayaniyar nan ta lafa, ya samu barci. Ni ban ƙaryata shi ba in ya ce ya ji sauƙi, ya ji ɗin, kuma nan ne tarkon yake.

Abin da ke faruwa shi ne, a ADHD akwai tangarɗa a yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sinadarin dofamin, mai sa mutum jin daɗi da ƙwarin gwiwar yin abu, shi ya sa mai ita ke saurin gundura kuma yake son abin da zai biya shi yanzu-yanzu. Shi kuma THC, sinadarin da ke sa maye a wiwi, yana ba da wannan ladan nan take. Amma fa yana taɓa riƙe abu a kai na ɗan lokaci, da maida hankali, da ƙarfin tashi a yi aiki, daidai inda mutumin yake ɗingishi tun farko. Bashi ne ya ci daga gobensa. Ana nan ana nan naɗi ɗaya ya daina isa, sai biyu, sai ya zama ba ya iya cin abinci ko runtsawa sai ya busa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan mutum 3 cikin 10 na masu shan wiwi suna da matsalar kamuwa da ita, kuma bincike ya sha nuna cewa masu ADHD sun fi sauran mutane faɗawa ciki, sun kuma fi farawa da wuri.

Wasu za su ce ai magani ce. To an gwada. A 2017 masana a jami'ar King's College da ke Landan sun fitar da sakamakon gwajin Sativex, maganin feshi da ake haɗawa daga wiwi, a kan manya 30 masu ADHD, kuma a babban ma'aunin da suka sa ba a ga bambanci na a zo a gani ba tsakaninsa da feshin da babu sinadarin wiwi a cikinsa, wanda aka ba wasunsu don kwatantawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da mutum ya yi niyyar bari. Kwana ɗaya ko biyu sai saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai, abinci ya fita ransa, abin ya yi tsanani a satin farko, ya kai sati biyu ko fiye. Sai ya ce ka gani ko, dama ita ke riƙe da ni, ya koma. Alhali wahalar da jiki ke sha in an daina wiwi ce ta haɗu da larurar da ba a taɓa duba ta ba.

Shi ya sa "ka daina kawai" ba ta isa. A duba abu biyun tare. Likitan ƙwaƙwalwa zai tambayi yadda yarintarka ta kasance, don alamomin ADHD kan bayyana kafin shekara 12, kuma akwai magunguna irin su methylphenidate da atomoxetine, ga zaman ba da shawara da ke koyar da tsara lokaci da danne sha'awar sha. In ka je, faɗa masa gaskiya, nawa kake sha a rana, tun yaushe, da ƙarfe nawa kake fara kunna ta farko.