Katangar Marasa Abin Bauta: me ke jiran ɗan zuhudunka bayan mutuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren Alhamis a wata istiraha (wurin shaƙatawa) nan Jidda muna wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke jan jarumi ɗaya a cikin tatsuniya, ga shayi ga ɗan ludo mai fuska 20, sai wani ƙanenmu ya miƙo takardar jaruminsa. Ɗan zuhudu ne, irin mai faɗa da hannu kamar na Shawolin. Wurin da ake rubuta abin bautar jarumi ya bar shi fayau. Mai jan wasan ya duba ya ce, "Ɗan'uwa, ka san katangar kuwa?"

Kafin wani ya ɗaga gira, duk allolin da za ku ji a nan na tatsuniya ne, marubuta suka ƙirƙiro su, kamar dodo da gizo.

Wasan ya fito a 1974. Duniyar tatsuniyar da muke wasan a cikinta kuwa, Forgotten Realms, Ed Greenwood ne ya ƙage ta, aka fitar da kundinta a 1987. A dokar wasa, ɗan zuhudu ba ya roƙon ƙarfi wurin kowa. Ƙarfin nasa da ake kira "ki" daga jikinsa yake fitowa, da horo da sarrafa numfashi. Akwai ma ƙungiyarsu mai suna Old Order da ba ta bauta wa kowa. To ina matsalar?

Matsalar sai bayan ya mutu. Ransa zai sauka wani fili mai launin toka, inda kowane abin bauta ke aiko a ɗauki nasa. Wanda ba a zo ɗauka ba, ya gurfana gaban Kelemvor, alƙalin matattu. Wanda ya yi imani ya ci amana, ana hukunta shi cikin birnin alƙalin. Wanda bai taɓa bin kowa ba kuwa, da shi ake gini. Ana liƙa shi a ganuwar birnin kamar tubali, wani koren gansakuka ya danne shi, yana narkewa a hankali har ya ɓace. Ko da ya ƙare rayuwarsa yana ceton marayu.

Ni dai wannan doka ba ta kwanta mini ba. Dalilinta a labarin shi ne waɗannan alloli da mabiya suke rayuwa, in mabiya suka ragu ƙarfinsu ya ragu, katangar kuwa bulala ce ta tsoratarwa. Asalinta ma Myrkul ne, mugun da ya riƙe kujerar matattu tun kafin Kelemvor.

A teburinmu mai jan wasa ke da wuƙa da nama, yana iya cewa babu katangar. Namu ya ƙi. Ƙanen namu kuma ya ce ba zai cike gurbin ba. Yanzu duk faɗan da aka shiga, jarumin da ke warkar da mu a wasan manne yake da ɗan zuhudun kamar cingam.