Kar ka kalle shi in kana son ka gan shi: lacca kan hangen nebula

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna ji na? To ku matso gaba don lasifikar nan ba ta da alƙawari. Malam shugaban zama, malamaina, iyayenmu da suka taso daga cikin garin Argungu, ɗalibai maza da mata, ina gaisuwa. An ce in yi magana kan yadda ake ganin nebula masu dishi-dishi da ƙaramin madubin hangen nesa, abu huɗu na rubuto a takarda, duhu, ido, madubi, sai lokaci, in Allah ya yarda kafin a kira la'asar mun gama.

Nebula dai gajimare ne na iskar gas da ƙura can tsakanin taurari, wani a cikinsa sabbin taurari ke fitowa, wani kuma ragowar tauraron da ya mutu ne. Wanda kowa zai fara da shi yana cikin Jauza'u, taurarin nan uku da ke jere a layi lokacin sanyi, kudu da su akwai wasu ƙanana a rataye, ta tsakiyarsu in ka lura ta ɗan yi hazo-hazo. Wannan shi ne M42, haskensa sai ya yi tafiyar shekara wajen 1,350 kafin ya iso idonka. M ɗin nan na Charles Messier ne, Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, waɗannan abubuwan suna ta ruɗa shi sai ya jera su don ya daina ɓata lokaci a kansu, yau jerin nasa 110 ne kuma da shi kowa ke koyo. Amma tun kafin shi, wajen shekarar 964, malaminmu Abdurrahman al-Sufi ya rubuta cewa akwai wani ɗan gajimare a Andromeda, da ido kawai fa, babu madubi. Daga baya aka gano wannan ba gas ba ne, babban tarin taurari ne guda irin wanda ranarmu ke ciki. To mu koma.

Na farko duhu. Wani Ba'amurke John Bortle ya fitar da ma'auni a 2001, daga 1 zuwa 9, tara tsakiyar birni, ɗaya wurin da babu ko kyandir. Turawa sai sun yi tafiyar awoyi a mota suna neman duhu, mu ko a nan kyauta ake kawo mana shi har gida (dariya). Sai dai yanzu fitilun sola sun shigo kowace unguwa, su ba a ɗauke su, don haka ka fita bayan gari wajen fadama, ka ba hasken gari baya. Shi kenan na farko.

Na biyu ido, kuma wallahi don wanga na zo. Jama'a kullum tambayarsu nawa ne madubin, babu mai tambaya ya idon yake aiki. A bayan idonka akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Iri ɗaya na rana ne, su ke ganin launi, su ke karatu, kuma sun taru a tsakiya daidai inda kake kallo. Iri na biyu na dare ne, haske kaɗan ya ishe su amma ba su san launi ba, kuma a tsakiyar nan babu su ko ɗaya, suna gefe. Kun ga matsalar ko? Duk abin da ka ƙura wa ido da dare ka ɗora shi ne kan ma'aikatan da suka tashi aiki. Shi ya sa mutum zai leƙa madubi ya ce Malam ba komai a ciki, in ce masa kar ka kalle shi, kalli wancan tauraron na gefe amma hankalinka ya tsaya a tsakiya, sai ka ji ya ce kai! Ga shi nan! Ya juyo ya kalle shi kai tsaye, ya ɓace. Ya kauce, ya dawo. Haka za su yi ta yi, yara har rantsuwa suke wai ni ke taɓa wani abu a jikin madubin.

Kuma kaucewar da ƙa'ida. In da idon dama kake leƙe ka kalli dama da abin, wato abin ya zauna ta ɓangaren hancinka, don ta ɓangaren kunne akwai wani ɗan gurbi inda jijiyar ido ta fita, duk abin da ya faɗa nan ba a ganinsa sam. In da na hagu ne sai ka juya lissafin. Wata dabara kuma, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin madubin da yatsa ya yi rawa kaɗan, ƙwayoyin nan na dare sun fi kama abu mai motsi.

Sannan haƙuri. Su ƙwayoyin nan da wani sinadari suke aiki wanda haske ke ƙonewa, sai ka zauna a duhu minti 30 ko fiye kafin ya taru sosai. Minti 30 fa. Kai kuma da ka ji wayarka ta yi ƙara sai ka duba WhatsApp, shi kenan ka zubar, a sake sabon lale. Kai mai farar riga, kai nake nufi, tun ɗazu kanka na ƙasa (dariya). In dole sai ka duba taswira ka rufe tocila da jar leda ninki biyu ko uku, jan haske mai rauni bai cika ɓata su ba. Kuma sinadarin nan da bitamin A jiki ke haɗa shi, rashinsa ne ke kawo dundumi, to a ci zogale da karas da manja da hanta, amma ban ce in ka ci buhun karas za ka fi kowa gani ba, a'a, in ya ishe ka ya ishe ka. Ka lulluɓe kanka da baƙin mayafi har bakin madubin, ka riƙa numfashi sosai don wasu in sun ƙagu sai su riƙe numfashi ba su sani ba, ganin ya dusashe.

Launi kuma ku cire rai. Hotunan Hubble, madubin hangen nesan nan da ke sararin samaniya, da kuke gani ja da shuɗi, kyamara ce ta daɗe tana tara haske, ido ba ya tarawa haka. Abin da za ka gani toka-toka ne kamar hayaƙin murhu da asuba, M42 in madubin babba ne wasu kan ga ɗan kore-kore, iyakarta ke nan. Duk da haka ni dai na fi son wannan tokar da hoton, ra'ayina ne, kar wani ya tare ni a ƙofa.

Na huɗu... na uku ne ko? To madubi, lokaci ya tafi. Faɗi ake nema ba yawan ƙara girman abu ba. Baƙin idon matashi a duhu yana buɗewa wajen milimita 7, na iyayenmu kuma ya ragu, Baba a yi haƙuri. Madubi mai faɗin milimita 200, irin na Dobson mai sauƙin turawa da hannu, yana tara haske ninki 800 da wani abu na wannan idon. Sai filta, ɗan gilashi da ake ɗaurawa wurin leƙe, yana tare sauran haske ya bar wanda gas ɗin ke fitarwa. Mai suna OIII shi ke fito da nebulan da ake kira Veil, wanda William Herschel ya gano a 1784, ragowar tauraron da ya fashe, faɗinsa a sama kamar wata shida a jere amma ba filta za ka wuce ta kansa ba ka sani ba. Akwai kuma nebulan da ake kira Kan Doki kusa da tauraron gabas na ukun nan na Jauza'u, wannan filtar H-beta yake so da babban madubi da dare mai tsabta, kuma ko an gan shi ɗan gurbi ne baƙi cikin abin da da ƙyar ya fi shi haske. 'Yan mata ku ji, Williamina Fleming ce ta gano shi a jikin hoto a cibiyar nazarin taurari ta Harvard a Amurka a 1888, matar da ta fara da aikatau a gidan shugaban wurin.

Lokaci kuwa, ƙarshen watan Musulunci da farkonsa lokacin da babu farin wata. Jauza'u da Kaza da ɗiyanta suna sama da daddare a Disamba da Janairu, to amma lokacin ne hunturu ke cika sama da ƙura, shi ya sa na fi son Oktoba da farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama, Veil bayan isha'i, Jauza'u kafin asuba. Kuma mu nan muna kusan digiri 12 da rabi arewa, muna ganin nebular Carina can ƙasa-ƙasa a kudu wajen Maris, wadda mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Na'am, akwai hannu a baya.

Tambaya: Malam, ka ce a fita bayan gari da dare, a wannan hali da ake ciki na tsaro?

Gaskiyarka ƙanena, kuma gara da ka yi ta. Babu nebular da ta kai ranka. Wuraren da suka fi duhu a ƙasar nan tamu da Zamfara yanzu su ne ba a shiga, kar wanda ya ce ni na aike shi daji. Filin makaranta mai katanga a gefen gari ya isa, ko bayan gidan kakanka a ƙauyen da ake zaune lafiya, ka roƙi maƙwabci ya kashe solarsa na awa ɗaya. Kar ka je kai kaɗai, kuma tun da rana ka kai wa mai unguwa da 'yan banga madubin su leƙa su ga mene ne, don wannan bututun in aka hango shi a duhu an saita shi sama, ba wanda zai ce na kallon taurari ne (dariya). In ma ka bar su suka ga wata a ciki sau ɗaya, gobe su za su riga ka zuwa. An kira salla ko? To sauran tambayoyin a same ni a waje. Wassalamu alaikum.