Ajiye Zanzaron Gero a Firji: Ribarsa da Tsadarsa

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka yi wa malaman gona.

Assalamu alaikum. Malamai, duk wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a jikin bango ya ga tsutsotsi a kwance ciki, ba su mutu ba, ba sa kuma motsi. Uwar ce ta harbe su ta ajiye wa 'ya'yanta. To, wanda za mu yi magana a kansa yau ɗan'uwansa ne, sai dai bai fi ƙwayar shinkafa ba. Masana na kiransa Habrobracon hebetor.

Abin farautarsa murzuna ce, tsutsar nan da ke bin zangarniyar gero tana zagaya ta, ta bar sawu kamar an murɗa igiya. Macen zanzaron takan harbi tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse ta. A lokacin zafi, cikin kamar kwana 10 sabon zanzaro ya tashi. A Nijar, ma'aikatan INRAN (cibiyar binciken noma ta ƙasar) na Maraɗi da na ICRISAT (cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa) a Sadore sun daɗe suna kiwonsa a kan tsutsar hatsin ajiya. Sai a zuba gero a ɗan buhun algarara, a sa tsutsotsin da matan zanzaro biyu da aka riga aka barbara, a rataye a gona, don 'ya'yansu su fito su farauci murzuna.

Ga inda gizo ke saƙar. Murzuna sau ɗaya take zuwa a damina, lokacin da gero ya fid da kai, kuma kowane ƙauye a daidai lokacin yake son buhunsa. Ɗakin kiwo ba ya iya haifar dubbai a kwana uku. Shi ya sa ake tara su tun da wuri a sa a firji, a sanyin digiri 5 zuwa 10, ba na ƙanƙara ba, don jikinsu ya lafa, tsufa ya dakata.

Amma sanyi ba kyauta yake aiki ba, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Yana cinye kitsen da ƙwaron ya tara, yana yi masa lahani a ciki. Kwanaki na ƙaruwa, mace-mace na ƙaruwa. Abin da ya fi damuna ma su ne masu rai: za ka fito da mace tana tafiya a jikin kwalba, ka ce lafiya lau, alhali ƙwanta ya ragu, kuzarin farauta ya tafi. Manomi ya rataye buhu, ya jira, murzuna ta cinye gero, shi ke nan baɗi ko kyauta ba zai karɓa ba.

Akwai dabaru. A ba su zuma kafin a sa su. Matan da aka rena cikin ɗan sanyi da gajeren haske sukan shiga wani irin barci, su jure ajiya fiye da sauran. An kuma gano cewa ɗumama su na ɗan lokaci kowace rana yana barin jiki ya gyara ɓarnar sanyin. Wannan ɗumi ne da aka auna, kada a haɗa shi da ɗaukewar wuta ta yini guda.

Ni dai shawarata, kada kwalba ta fita daga firji zuwa ƙauye kai tsaye. Ku ware mata kaɗan, ku ba su tsutsa, ku dawo bayan kwana biyu ku ƙirga tsutsotsi nawa suka sandare, nawa ke ɗauke da ƙwai.