Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sama

(Lacca ce da aka yi wa ɗaliban kanikanci a Birnin Kebbi, an rubuto ta daga kaset.)

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, sannunku da zama. Na baya kuna ji na? Madalla. Abubuwa huɗu na zo da su.

Kafin nan, kada wani ya ɗauki jirgin haɗin gida wasan yara. Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna, wanda sojojin samanmu suka koyi tuƙi da shi, asalinsa RV-6A ne, irin wanda mutum a Amurka ke sayen sassansa ya haɗa a garejin gidansa.

Na farko, fukafukai ke ɗauke da jirgi, inji ja kawai yake yi. Ku dubi shirwa, tana shawagi ba ta kaɗa fiffike. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kusan mita tara gaba. In kana mita 1,000 sama, kana da kusan kilomita tara. Sai dai ka sunkuyar da hancinsa nan take, don in gudu ya ƙare, ya faɗi.

Na biyu, mai. Ku gyara zama, nan zan daɗe. Mai, 'yan'uwa, mai! Ka bar tanki rabi ya kwana, iskar ciki ta yi raɓa, ruwan ya gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta can ƙasa, daidai bakin bututun da inji ke sha. Shi ya sa kowace safiya ake tsiyayo kaɗan a kwalba a ɗaga wa haske. Man jirgi na 100LL shuɗi ne, ruwan kuma sai ka gan shi a gindin kwalbar, fari tas, yana mirgina kamar tsakiya. Da idona na ga an tsiyayo kusan rabin kofin shayi daga jirgin da ya kwana cikin ruwan sama, robar murfin tankin ce ta tsage. To ina ga mai zuba fetur na jarka, wanda aka sayo wurin 'yan bumburutu? Babur ɗinka in ya sha ruwa, ka sauka ka tura. A sama wa zai taya ka turi? (dariya)

Wani lokacin ma man na nan, isa gare shi ne ya gagara. A 1997 wani shahararren mawaƙin Amurka ya rasu a gaɓar Kalifoniya cikin jirgin haɗin gida mai suna Long-EZ. Wanda ya ƙera jirgin ya sa makunnin sauya tanki a bayan kafaɗar matuƙi ta hagu, sai ka murɗa jiki kafin hannunka ya kai. Ku ne maƙeran gobe, wannan abin yana ci mini rai. Abin da hannu zai nema cikin firgita, a gaban ido ake sa shi. Manyan jirage ma ba su tsira ba: a 1983 man wani Boeing 767 ya ƙare a sararin Kanada don an rikita lissafin kilo da fam, Allah ya sa aka sauke shi a Gimli ba a rasa rai ba.

Na huɗu... na uku ne? To. In inji ya mutu kana tashi, kada ka juyo titin jirgi, nemi fili gabanka. Ka sa rediyo a 121.5, tashar gaggawa, ka kira Mayday, kalmar neman agaji, sau uku. Na huɗun kuma, wato ƙanƙarar da ke toshe kafireta, sai wani jiƙon.

Na'am, ɗana, ɗaga murya.

Ɗalibi: Malam, in mutum yana saman Argungu, ba sai ya sauka fadamar shinkafa ba? Ai shimfiɗe take.

Allah shi yi maka albarka. Daga sama ita ce za ta fi ba ka sha'awa, kore shar kamar darduma. Amma ko da rani ban ruwa ake yi mata. Tayar gaba ta nutse a taɓo, jirgin ya kife, kai kana rataye. Nemi fako, ko gonar gero da aka girbe, ka bi tsawon kunya, kada ka gitta ta. Hayaƙin ƙauye zai nuna maka iska, ka fuskance ta. Wayar lantarki ba ka ganinta, turakun za ka nema. Daf da ƙasa ka rufe mai, ka kashe wuta, ka tamke bel, ka ɗan buɗe ƙofa tun kafin ka taɓa, don in ta lanƙwashe ba za ta buɗu ba.