Me ya haɗa yaron ƙauye da teku?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Ga tabarma an shimfiɗa a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Auyo da Haɗeja. Fitilar da ke rataye a reshen darbejiya ta sola ce, tun da hantsi aka shanya ta a kan danga. An idar da sallar isha'i, an ci tuwo, yara tara sun kewaye ɗan yayana da ke aji biyar a sakandare. Littafin da ke hannunsa bangonsa ya daɗe da fita, da zaren buhu aka ɗinke bayansa. Da Turanci aka rubuta shi, shi ya sa sai ya karanta 'yan layuka a zuci, sannan ya ɗago ya mayar musu da Hausa. Labarin wani yaro ne da ya gudu daga gida ya shiga jirgin ruwa, a zamanin da babu inji, iska ce ke bugun manyan ƙyallaye tana tura jirgi. Yau dare na goma sha ɗaya ke nan, kuma babu wanda ya yi fashi sai wadda zazzaɓi ya kwantar kwana biyu. Ita ma da ta miƙe sai da ta sa aka maimaita mata abin da ya wuce ta.

Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin teku. Daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000 a mota, kuma ruwa mafi girma da suka sani shi ne Kogin Haɗeja in ya yi ambaliya a ƙarshen damina. To me ya ɗaure su haka, har suka bar rububin kallon waya? Na zauna da su darare da yawa, kuma abin da na gani shi ne, kusan kowace wahala da ke cikin jirgin nan sun san 'yar'uwarta a gida.

Ranar da ruwan sha ya fara ƙarewa a labarin, ƙaramarsu ta katse karatun ta ce, "Yaya, ba a kan ruwa suke ba?" Sai da aka tsaya aka yi mata bayani. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, kusan babban cokali biyu. In mutum ya sha, sai ƙoda ta janye ruwan jikinsa kafin ta iya fitar da gishirin, ƙishirwar ta ninku. Ruwan shansu a gangunan katako suke loda shi tun daga gaɓa, bayan 'yan makonni ya canza launi ya fara wari, a haka ake auna wa kowa da kofi. Yarinyar da ke bin layin burtsatse da jarka tun asuba a watan Afrilu ba ta buƙatar dogon sharhi a nan. Wani daga cikinsu ya yi shiru can, sai ya ce, "Ashe rijiyar kanwa ce ƙatuwa."

Abincin ma haka. Busasshen biskit mai taurin dutse da naman da aka jibge da gishiri. Ƙwari na shiga biskit ɗin, sai an buga shi a kan katako sun zubo kafin a kai baki. Nan dariya suka yi, don kowa ya san waken da ya daɗe a buhu ba a sa masa magani ba.

Abin da ya hana su dariya shi ne ciwon dasashi. Bayan wata biyu ko uku a teku, sai dasashin ma'aikatan jirgi ya kumbura yana jini, haƙora suna girgiɗi, tsohon mikin da ya warke tun shekaru ya sake buɗewa. Wannan ba ƙarin gishirin marubuci ba ne. A watan Satumba na 1519 jirage biyar suka bar Sifen ƙarƙashin wani kyaftin mai suna Magelan, da mutane sama da 200. Bayan shekara uku jirgi ɗaya ne ya dawo, da mutum 18, shi kansa Magelan an kashe shi a Filifin a 1521. A Tekun Fasifik sun yi wata uku da kwana 20 ba su ga ɗanyen abinci ba. Wani ɗan Italiya da ke cikin tafiyar ya rubuta cewa sun jiƙa fatar shanun da aka naɗe katakon jirgi da ita sun ci, sun ci garin katako, ɓera kuwa sayar da shi ake yi.

A 1747 wani likitan jirgin yaƙin Birtaniya, James Lind, ya ɗauki marasa lafiya 12 ya raba su bibbiyu, kowane biyu da abin da ake ba su. Wasu har ruwan teku aka riƙa ɗura musu. Biyun da suka sami lemon zaƙi da lemon tsami su suka farfaɗo, cikin kwana shida ɗaya ya koma bakin aiki. Duk da haka sai a 1795 aka fara raba ruwan lemo ga sojojin ruwan ƙasar baki ɗaya. Kusan shekara 50 mutane na mutuwa, maganin yana hannu. Abin yana ba ni takaici duk sanda na tuna. Sinadarin da suka rasa shi ake kira bitamin C, kuma 'ya'yan kukar da yaran nan ke fasawa suna tsotsa a hanyar makaranta cike suke da shi. Da na faɗa musu haka, ɗaya ya dafe kai ya ce, "Kawu, da sun sa buhu biyu na kuka ai da babu wanda ya mutu!"

Yanzu bari in ba ku labarin Baba. Da farko bai so zaman ba. Ya ce tatsuniyar Nasara ce, gara su ɗauki allo. Amma daga zaure yana jin komai. A dare na huɗu, da aka zo inda kyaftin ya hana kowa ƙarin ruwa har da shi kansa, sai muka ji muryarsa daga ciki: "Wannan ai madugu ne." Ya fito da buzunsa ya zauna. Kakansa bafatake ne, yana cikin masu bin ayari zuwa Gonja, a ƙasar Gana ta yanzu, da jakuna, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro, tafiyar watanni. Ya ce madugu uban tafiya shi ke yanke inda za a yi zango, shi ke sasantawa da masu garin da za a ratsa, jagaba kuma yana gaba yana duba hanya. Da dare taurari ake dubawa. Tun daga ranar Baba bai ƙara fashi ba, kuma shi ya fi kowa yi wa mai karatu gyara.

Maganar taurarin nan ita ta fi daɗewa a bakinsu. A tsakiyar teku babu bishiyar kuka, babu tsauni, babu sawun dabba. To ta yaya matuƙi ke sanin inda yake? Akwai tauraro ɗaya a arewa da ba ya barin wurinsa, sauran suna kewaya shi har gari ya waye. Gwargwadon yadda ka nausa arewa, haka yake ƙara tashi sama, in ka yi kudu kuma ya riƙa sauka. A nan yankinmu tsayinsa wajen digiri 12 ne daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Ku miƙe hannu sosai ku dunƙule shi, dunƙule ɗaya da ɗan ƙari ke nan. Larabawa matuƙan Tekun Indiya, irin su Ahmad bin Majid na ƙarni na 15, suna da ɗan allon katako mai igiya a tsakiya, ana ce masa kamal. Matuƙi ya ciji ƙullin igiyar, ya miƙa allon har gindinsa ya zauna a kan layin ruwa, samansa ya taɓa tauraron. Kowane ƙulli yana daidai da wata tashar da ya sani. Yaranmu da kwalin sukari da zaren saƙa suka yi nasu. Ga su nan a bayan gari, kowa da zare a baki, suna gardamar wanda ya fi daidai.

Wannan arewa da kudu ke nan. Gabas da yamma ita ce ta daɗe tana cinye mutane, kuma amsarta tana cikin abin da duk muka saba gani da azumi. Za ku ga a talabijin an sha ruwa a Makka, mu kuwa rana tana nan sama, sai mun ƙara kamar awa biyu. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. Tsakanin Kano da Makka akwai wajen digiri 31, ga awa biyun nan ta fito. Saboda haka in matuƙi yana da agogon da ke riƙe da lokacin garin da ya baro, ya kuma duba tsakar rana a inda yake, bambancin zai gaya masa nisan da ya yi. Matsalar ita ce agogon wancan zamani ba ya jure girgiza da zafi da sanyin teku. A 1707 jiragen yaƙin Birtaniya huɗu suka daki duwatsu dab da gida don ba su san inda suke ba, mutane sama da 1,400 suka halaka. A 1714 majalisar ƙasar ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar. Wanda ya ƙera agogon da ya yi aiki, John Harrison, kafinta ne da ya koya wa kansa sana'ar agogo, ya kuma shafe shekara sama da 30 a kai. Da aka gwada shi a tafiyar Jamaika a 1761, daƙiƙa biyar kacal ya yi kuskure cikin kwana 81. Yaron da babansa kafinta ne a kasuwarmu sau uku ya sa na maimaita masa wannan wurin.

Iska kuwa ba ta ba su wuya ba. Sun san ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Haka take juyawa a Tekun Indiya: wadda za ta kai ka Zanzibar daga ƙasar Larabawa daban, wadda za ta dawo da kai daban, sai ka jira lokacinta kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka.

Akwai abin da littafin ya ratsa da layi biyu ya wuce, ni kuwa ban bari ya wuce ba. Jirgin yaron ya gamu da wani jirgi da ya taso daga gaɓar Afirka, warinsa ya riga shi isowa. Ɗan yayana ya tsaya ya dube ni. Na ce ya rufe littafin tukuna. Na gaya musu cewa irin jiragen nan da suke sha'awa su suka kwashi mutane wajen miliyan 12 da rabi daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika, a ɗaure, a jere kamar buhuna, kusan miliyan biyu ba su kai gaɓa da rai ba. A cikinsu akwai Hausawa. An kai da yawa Bahiya a ƙasar Barazil, kuma a watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salbado, akasarinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu. An sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a yi musu fatiha. Aka yi. Ina so yaran su ji daɗin labarin iya jin daɗi, ina kuma so su san wanda ke ƙarƙashin katakon da jarumin ke takawa.

Washegari ƙaramar nan ta tare ni a hanyar rijiya ta ce, "Kawu, mu ba mu taɓa yin jirgi ba, kullum sai dai a ɗauke mu?" Na ce mata a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, a ƙasar da yanzu take jihar Yobe, nan maƙwabtanmu, ya ci karo da kwalekwalen da aka sassaƙa daga itace guda, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Yana cikin mafiya tsufa da aka taɓa tonowa a duniya. Na kuma ba ta labarin da masanin tarihi Al-Umari ya rubuta, wanda Mansa Musa na Mali ya bayar a Alƙahira kan hanyarsa ta aikin hajji a 1324. Ya ce sarkin da ya gada ya tura jirage 200 cike da mutane su gano ƙarshen tekun yamma, ɗaya ya dawo ya ce sun tarar da wani kogi mai ƙarfi a tsakiyar teku ya janye sauran. Sai sarkin ya haɗa jirage 2,000, ya bar wa Musa riƙon ƙasa, ya shiga da kansa, bai sake dawowa ba.

Ta ce, "To ina suka je?" Na ce labarin a nan ya tsaya.

Ga ta can a gefen tabarma, ta ba fitila baya kaɗan don kada sauran su leƙa. Littafin rubutu ne mai shafi 40 da ta roƙa a wurin innarta. Ta cika shafi shida da Hausa. Jirginta yana cikin dubu biyun nan, matuƙinsa ɗan masunta ne daga Haɗeja, kuma a shafi na biyu ta sa an loda buhunan kuka kafin a tashi. Ta ce sai an gama wancan littafin za ta bari yayanta ya karanta musu nata.