Yadda cocin Ingila ya ɓalle daga hannun Paparoma

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau Ingila za mu je, Ingilar kusan shekara 500 baya, mu ga yadda aka yi cocin Angalika ya raba gari da Paparoma. Labarin da aka fi yawo da shi shi ne wai wani sarki ne ya so sakin matarsa, Paparoma ya hana, shi kuma ya yi zuciya ya buɗe nasa cocin. To akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma an gutsure labarin sosai, don shi wannan sarkin har ya koma ga mahaliccinsa bai taɓa yarda shi ɗan Furotesta ba ne, wato Kiristocin da suka bijire wa koyarwar Paparoma, kuma abin da ake kira Angalika yau yawancinsa bayan mutuwarsa aka gina shi.

Da farko dai Kiristanci ya daɗe a tsibirin nan. Tun a shekarar 597 Paparoma Gregory ya turo wani malami Augustine ya sauka a Kent, ya kafa kujerarsa a Kantabari, shi ya sa har gobe babban bishop na Kantabari ne jagoran cocin. Daga nan kusan shekara 900 Ingila tana bin Roma sau da ƙafa, ana aika kuɗi can, manyan shari'o'in aure da na limamai can ake ɗaukaka ƙara.

Sai ga Henry na 8 ya hau gado a 1509, yaro matashi bai cika 18 ba. Yana hawa ya auri Catherine 'yar sarakunan Sifaniya, Ferdinand da Isabella. Amma fa Catherine matar yayansa ce, Arthur, wanda ya rasu a 1502 wata biyar kacal bayan bikinsu. A dokar cocin lokacin haramun ne mutum ya auri matar ɗan uwansa ko da ya mutu, saboda haka sai da aka nemi izini na musamman wajen Paparoma Julius na 2 ya sa hannu. Ku riƙe wannan takardar izinin a ranku don ita ce za ta zama ƙashin kifi a wuyan kowa.

Kuma kada ku ɗauka Henry mai sakaci da addini ne. Lokacin da Martin Luther, wanda ya assasa tafiyar Furotesta, ya tada ƙura a Jamus, Henry da kansa ya fitar da littafi a 1521 yana kare koyarwar Katolika yana ragargazar Luther, har Paparoma Leo na 10 ya ji daɗi ya naɗa masa laƙabin mai kare addini. Wato mutumin da zai zo ya yanke igiya da Roma shi ne ɗan gaban goshin Roma shekara goma sha kafin nan.

Matsalar ita ce magaji. Catherine ta yi ciki sau da yawa, wasu ɓari wasu a haife su ba rai, akwai ɗa namiji da aka haifa ranar sabuwar shekara ta 1511 aka yi ta shagali amma bai kai wata biyu ba ya koma. Mace ɗaya ce ta rayu, Mary, haihuwar 1516. Shi kuwa Henry ubansa da takobi ya karɓi sarautar nan a 1485 bayan yaƙin basasa na shekaru wajen 30 tsakanin gidajen sarauta, kuma Ingila ba ta taɓa ganin mace ta zauna daram a gadon mulki ba, don haka a ganinsa in ya mutu ba ɗa namiji to ƙasa za ta sake komawa gidan jiya. Ana cikin haka kuma idonsa ya faɗa kan Anne Boleyn, ɗaya daga cikin 'yan matan da ke yi wa sarauniya hidima, ita kuma ta ce sam ba za ta zama farka ba, in so ake da gaske a yi aure.

Sai Henry ya buɗe Littafin Firistoci sura 20 aya 21 inda aka ce wanda ya ɗauki matar ɗan uwansa za su mutu ba 'ya'ya, ya ce ai ga shi nan, Allah ne yake hukunta shi. Abin lura a nan, ba saki ya nema ba, don a Katolika babu saki. Cewa ya yi auren tun asali bai ɗauru ba, a soke shi kamar ba a taɓa yi ba. Kuma irin wannan ba baƙon abu ba ne ga masu mulki, an yi wa sarkin Faransa Louis na 12 a 1498, kai ita kanta yayar Henry, Margaret ta Sikotilan, Paparoman lokacin, Clement na 7, ya soke mata nata auren a 1527. To me ya hana a yi wa Henry?

Abu biyu. Na ɗaya Catherine ta rantse cewa ita da Arthur ba su taɓa kwanciyar aure ba, ta ƙi ja da baya ko taku ɗaya, kuma in Clement ya soke auren tamkar ya ce Paparoman da ya gabace shi ya yi kuskure ne da ya ba da izini. Na biyu kuma shi ne babba, Catherine gwaggon Charles na 5 ce ta wajen uwa, wato ƙanwar mahaifiyarsa, shi kuma Charles shi ke riƙe da Sifaniya da Jamus da rabin Turai, kuma a watan Mayun 1527 sojojinsa suka afka wa birnin Roma suka wawashe shi, Paparoma ya gudu ya ɓuya a ganuwar Sant'Angelo wata da watanni kamar fursuna. Yanzu kai ka ce mutumin da ke hannun Charles ya sa hannu a takardar da za ta mayar da 'yar uwar mahaifiyar Charles wadda ta yi zaman dadiro na shekara 18, 'yarta kuma shegiya? Ai ba zai yiwu ba. Sai Clement ya shiga jan ƙafa, yau da gobe, aka zauna kotu a Landan a 1529 aka tashi ba hukunci, aka ce a mayar da shari'ar Roma. Kadinal Wolsey, babban limamin coci wanda shi ne hannun daman sarki, ya rasa muƙaminsa a kan wannan, ya mutu a hanya a 1530 ana tafiya da shi a tuhume shi da cin amanar ƙasa.

Daga nan Thomas biyu suka shigo fage, Thomas Cromwell lauya mai wayon tsiya da Thomas Cranmer malamin jami'ar Kambirij wanda a ɓoye zuciyarsa tana tare da masu gyaran addini, har aure ya yi a Jamus a asirce duk da shi limami ne. Shawarar ita ce a daina roƙon Roma, a yi amfani da majalisar dokoki. A 1533 majalisa ta yi dokar hana ɗaukaka ƙara zuwa Roma, ta ce Ingila daula ce mai cin gashin kanta ba wanda ke samanta. Henry ya riga ya auri Anne a ɓoye a Janairu tana da ciki, a Mayu Cranmer da aka naɗa babban bishop na Kantabari ya ce auren Catherine bai halatta ba, a Satumba Anne ta haihu, kuma me aka samu, mace, Elizabeth. A 1534 aka kammala da dokar da ta ce sarki shi ne shugaban ƙoli na cocin Ingila a doron ƙasa.

Wanda ya ƙi yarda da haka a bakin ransa. Bishop John Fisher da Thomas More wanda ya taɓa zama babban waziri kuma abokin sarki, duk an fille musu kai a 1535. Sannan aka juya kan gidajen 'yan zuhudu, wato maza da matan da suka bar aure suka tare wuri guda suna ibada, waɗanda ke da gonaki da dukiya ba kaɗan ba. Tsakanin 1536 da 1540 aka rufe sama da 800, aka kwashe dukiyar, aka sayar wa masu hannu da shuni filayen. Ni a ganina wannan sayar da filin shi ya ɗaure rabuwar fiye da duk wani wa'azi, don wanda ya sayi gonar coci ba zai so ranar da za a ce ya mayar ba. Mutanen arewacin Ingila sun yi bore a 1536, aka yaudare su da alkawari aka kashe jagororinsu.

Amma in ka shiga coci a ƙarshen zamanin Henry kusan komai na nan yadda yake, ibada da Latin, limami ba ya aure, ana zuwa furta zunubi, dokar 1539 ma ta ƙara jaddada waɗannan. Babban sabon abu shi ne Baibul na Turanci da aka ce a ajiye a kowane coci. A rana ɗaya a Yulin 1540 Henry ya sa an ƙone 'yan Furotesta uku saboda bidi'a, an rataye 'yan Katolika uku saboda biyayya ga Paparoma, a fili ɗaya. Wannan shi ne Henry.

Ya mutu a 1547 ya bar Edward, ɗan da ya samu da mata ta uku, yana shekara 9. A nan ne Cranmer ya samu sarari, ya fitar da littafin addu'a na bai ɗaya da Turanci a 1549 ya sake gyara shi a 1552, aka ba limamai damar aure, aka fitar da siffofi daga coci. Edward ya rasu a 1553, Mary 'yar Catherine ta hau, ta mayar da ƙasa hannun Paparoma, aka ƙone mutane wajen 280 har da Cranmer kansa a Oksfod a 1556. An matsa masa ya sa hannu ya janye aƙidarsa, amma ranar ƙarshe ya warware, da aka kunna wutar hannun da ya yi sa hannun ya fara miƙawa ciki.

Elizabeth ce ta zo a 1558 ta daidaita abin. Dokokin 1559 suka sake yanke Roma, amma ta ƙi laƙabin shugaban coci ta karɓi na babban mai kula da coci, ta bar bishop bishop da rigunansu da tsarinsu na da, koyarwa kuma ta karkata Furotesta cikin ƙa'idoji 39 da aka tabbatar a 1571. Wanda bai je coci ran Lahadi ba tarar sule ɗaya. Paparoma Pius na 5 ya kore ta daga cocin Katolika a 1570 amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, ta yi shekara 44 tana mulki, yaran da aka haifa a zamaninta ba su san wani coci ba sai wannan.

Shi ne cocin da daga baya 'yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, suka kawo mana nan Najeriya, aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a Kantabari a 1864, Dakta Walter Miller ya zauna Zariya har aka kafa Wusasa. Shi kuwa laƙabin nan na mai kare addini da Paparoma ya ba Henry saboda ya zagi Luther, majalisa ta sake damƙa masa shi a 1544, kuma har yau in ka ɗauki kwabon Ingila ka duba gefen hoton sarki za ka ga haruffan F da D, shi ne a taƙaice da Latin.