Rina a Cikin Mota: Yadda Ɗan Leƙen Asiri Ɗaya Ke Girgiza Duniya Guda

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku ɗauka ga mutum huɗu a mota, ƙarti majiya ƙarfi, direba ya take wuta. Sai ga rina ta faɗo ta taga, tana shawagi a gaban fuskarsa. Ya kai mata duka, sitiyari ya suɓuce, mota ta ƙwace, duka huɗun suka ce ga garinku nan. Ƙwaron da bai kai ɗan yatsa ba ke nan.

A kan wannan misali marubucin Ingila Eric Frank Russell ya gina littafinsa Wasp, wato rina, wanda ya fito a 1957. Yana cikin almarar kimiyya ta yaƙi, irin wadda ake tura ɗan leƙen asiri shi kaɗai ya hana gwamnatin wata duniya barci.

A labarin, mutanen duniyarmu suna yaƙi da daular Siriyus. Mun fi su makamai, sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Ga kuma nisa, don a zahiri hasken tauraron Siriyus sai ya yi sama da shekara 8 kafin ya iso mana. To maimakon runduna, sai aka ɗauko mutum guda, James Mowry, wanda a cikinsu aka haife shi, yana jin harshensu kamar jakin Kano. Aka rina masa fata ta koma irin tasu, aka sauke shi a dajin wata duniyarsu mai suna Jaimec.

Ku lura da makaminsa na farko: takarda. Ya bi gari yana manna ƙananan takardu a tagogi da sunan wata jam'iyyar 'yan tawaye, alhali shi kaɗai ne shugaba, shi ne mamba. Daga baya ya fara biyan 'yan daban gari suna kashe jami'ai, yana aika wasiƙu cewa aikin jam'iyya ne.

Sauran aikin gwamnati ce ta yi wa kanta. Azzalumin shugaba ya san talakawa sun ƙoshi da shi, saboda haka da an ce akwai tawaye ba ya musu. 'Yan sandan ciki, Kaitempi, suka shiga kame da shingaye da binciken takardu. Dubban jami'an da ya kamata su fuskanci abokan gaba suka ɓuge da farautar ƙungiyar da babu ita. Sunan Kaitempi ma bai ɓoye asalinsa ba, kusan Kempeitai ne, 'yan sandan sojan Japan na Yaƙin Duniya na Biyu.

A wannan yaƙin an yi amfani da irin wannan dabara. A 1940 Birtaniya ta kafa hukumar SOE, mai horar da mutane tana sako su da lema a ƙasashen da Jamus ta mamaye. Sai dai a nan nake da ja da irin waɗannan labarai, suna wuce batun ramuwa da sauri. Ranar 27 ga Mayu 1942, sojoji biyu da SOE ta horar, Jozef Gabčík da Jan Kubiš, suka tare motar Reinhard Heydrich, wakilin Hitila a Prag, babban birnin ƙasar Czech. Bindigar Gabčík ta cije, Kubiš ya jefa bam. Heydrich ya mutu ranar 4 ga Yuni. Kwana shida bayan nan sojojin Jamus suka kewaye ƙauyen Lidice, suka harbe maza 173, suka kwashe mata da yara, suka baje ƙauyen ƙasa. Mulkin 'yan Nazi a can kuwa bai faɗi ba sai 1945.

Ko a littafin ma, Mowry bai kifar da kowa da hannunsa ba. Ya dai raba wa masu mulki hankali, har jiragen yaƙin mutanensa suka sauka.